Kafin A Kai Ga Kuje: Neman Lauya Da Sanin Dokar Laifuka A Abuja

Da azumin shekaru biyu da suka wuce, ƙanwata ta kira ni daga gida bayan an sauko daga asham, muryarta na rawa. "Yaya, sun kama ɗanka." Yaron gadi yake yi a wani rukunin gidaje a bayan gari, a nan Abuja. An sace batiran sola a gidan wani da ya yi tafiya, aka kwashe masu gadin su uku aka kai caji ofis. Labarin bai iso ni ba sai a rana ta uku. Na same shi a bayan kanta ba riga, idanunsa sun faɗa. Na tambaye shi ko ya sa hannu a wata takarda. Ya ce, "Na dangwala, Kawu." Na ce me aka rubuta a ciki? "Wallahi ban sani ba, da Turanci ne. Cewa aka yi in dangwala a sallame ni."

Ba a sallame shi ba. Takardar shafi biyu ce, kuma a ciki akwai layin da ya ce shi ya buɗe wa ɓarayin ƙofa. Lauyan da muka ɗauka daga baya ya karanta ta, ya ajiye, ya dube ni ya ce, "Alhaji, da a ranar farko kuka kira ni, aikin yini guda ne. Yanzu da wannan takardar za mu yi ta kokawa." Wata huɗu yaron ya yi a gidan yarin Kuje kafin kotu ta kori ƙarar, domin mai ƙorafin bai taɓa zuwa ba da shaida ba ko sau ɗaya.

A waɗannan kwana ukun abokan aikinsa ba zama suka yi ba. Sun je wurin sarkin Hausawan unguwar, sun nemo wani da aka ce ya san wani babban ɗan sanda, sun yi karo-karon kuɗi. Babu wanda ya ambaci lauya. Haka muke yi kusan dukkanmu. Wani yana ganin lauya na masu kuɗi ne. Wani yana tsoron idan aka zo da lauya 'yan sanda za su fusata su tsananta. Wani kuma har yanzu yana riƙe da tsohuwar maganar nan cewa lauya mai mayar da ƙarya gaskiya ne, ɗaukarsa ma kamar amsa laifi ne. Wannan ta ƙarshen ta fi damuna, domin ko a fiƙihunmu wakilci a gaban alƙali sanannen abu ne, kuma hujja a wuyan mai ƙara take. Kundin tsarin mulkin 1999 ma haka ya tanada a sashe na 36: wanda ake tuhuma ba mai laifi ba ne har sai an tabbatar, kuma yana da damar kare kansa da kansa ko ta bakin lauyan da ya zaɓa. Aikin lauyan kariya shi ne ya tilasta wa gwamnati ta kawo hujjarta, ta kuma bi hanyar da doka ta shata. Idan babu mai yin wannan aikin, wanda ya fi rauni a cikin waɗanda aka kama shi ke ɗaukar laifin kowa.

Abu biyu lauyan nan ya fara tambayata tun a waya: a ina abin ya faru, kuma wace hukuma ce ke riƙe da yaron. A lokacin na ɗauka ɓata lokaci ne. Ashe a nan maganar take.

Nijeriya ba ta da dokar laifuka guda ɗaya. Maƙwabciyarmu Nijar kundi ɗaya gare ta tun 1961, shi ke aiki daga Yamai har Diffa. Mu tarayya ce, kuma yawancin laifukan yau da kullum, sata da zamba da rauni da kisa, a hannun jihohi suke. Kudu na amfani da kundin da ake kira Criminal Code, wanda aka kwaikwayo daga dokar Queensland ta Ostireliya. Abin da mutane da dama ba su sani ba shi ne a Arewa Lugga ya fara kafa shi a 1904, sannan aka shimfiɗa shi a ƙasar baki ɗaya a 1916. Da 'yancin kai ya ƙarato, gwamnatin Sardauna ta kafa kwamitin masana shari'a a 1958, ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat, domin a samo dokar da Musulmi da wanda ba Musulmi ba za su zauna a ƙarƙashinta. Daga nan aka samu Final Kod, wadda ta fara aiki ranar 30 ga Satumba 1960. Daga dokar Sudan aka ɗauko ta, ita kuma ta Sudan daga ta Indiya ta 1860.

Da aka yanki Abuja a 1976 daga jihohin Neja da Filato da Kwara na wancan lokaci, sai ta gaji Final Kod, har yau kuma ita ce uwar dokar laifuka a birnin. Duk mai bin labaran kotunan Abuja zai riƙa jin lambobin nan suna maimaituwa: sashe na 97 haɗa baki, 287 sata, 312 cin amana, 322 zamba, 221 kisan da hukuncinsa kisa ne. Bambancin kundin biyu ba a suna kaɗai ya tsaya ba. Zina, alal misali, laifi ce a sashe na 387 da 388 na Final Kod ga wanda al'adarsa ta ɗauke ta laifi, alhali a Kudu tun 1961 kotu ta soke hukuncin da aka yi wa wata mata a shari'ar Aoko da Fagbemi, bisa dalilin cewa babu rubutacciyar dokar da ta hana.

Ita Abuja ba ta da gwamna, ba ta da majalisar jiha. Sashe na 299 na kundin tsarin mulki ya ce a ɗauke ta tamkar jiha, amma Majalisar Tarayya ce ke yi mata doka, Antoni Janar na Tarayya ne babban mai gabatar da ƙara, afuwa kuma a hannun Shugaban Ƙasa take. To ga inda abin ke rikita talaka. Mutumin da ke kwana a Mararaba, yana aiki a Wuse, yana sayayya a Suleja, ƙasa uku yake takawa a rana ɗaya. Nyanya Abuja ce, amma da ka ɗan gota ka shiga Mararaba kana Jihar Nasarawa. Zuba Abuja ce, Madalla kuwa Jihar Neja, ɗaya daga cikin jihohi 12 da suka shigar da shari'ar Musulunci ɓangaren laifuka bayan Zamfara ta buɗe ƙofa a 1999. A Abuja kuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a maganar aure da gado da wasiyya da wakafi take ji, ba ta shari'ar laifi. Kowace jiha da kwamishinan 'yan sandanta, da ma'aikatar shari'arta, da kotunanta. Ga wanda ya zo daga Kano ko Gusau da sanin yadda kotun shari'a ke tafiya, wannan sanin ba zai fisshe shi a gaban majistare a Wuse ba.

Sannan akwai laifukan tarayya, waɗanda ba ruwansu da iyakar jiha: miyagun ƙwayoyi a hannun NDLEA, halasta kuɗin haram da almundahana a hannun EFCC da ICPC, ta'addanci, da laifukan intanet ƙarƙashin dokar 2015 da aka yi wa gyara a 2024. Mafi yawan waɗannan Babbar Kotun Tarayya ake kai su, wadda daban take da Babbar Kotun Birnin Tarayya mai hedikwata a Maitama. Fyaɗe da cin zarafi a cikin gida kuma suna da dokarsu ta 2015 da ake kira VAPP, wadda hukumar NAPTIP ke kula da aiwatarwa a Abuja. Ƙananan laifuka kotunan majistare ke ji. Game da kotunan yanki, tun bayan dokar da aka sake musu a 2010 lauyoyi ke jayayya kan ko suna da hurumin shari'ar laifi, don haka wanda aka kai can ya kamata ya tambayi lauyansa wannan maganar tun zaman farko.

Duk wannan shimfiɗa ce. Inda shari'a ke gyaruwa ko ta ɓaci shi ne kwana biyun farko a caji ofis, kuma a takarda Abuja ta fi ko'ina gata a nan. Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka, ACJA, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a watan Mayu 2015, a Abuja da kotunan tarayya take aiki kai tsaye. Jihohi daga baya suka yi ta yin nasu kwatankwacinta. Sashe na 7 ya hana a kama wani a madadin wani, wato ba a riƙe uwa ko mata ko ƙane don wanda ake nema ya fito. Sashe na 8 ya hana kama mutum kan bashi ko saɓa yarjejeniyar kasuwanci kawai, abin da ke faruwa kullum tsakanin 'yan kasuwarmu a Dei-Dei da Wuse, inda ake mayar da rikicin bashi ya koma "cin amana da zamba" don a samu hanyar kulle mutum. Sashe na 6 ya wajabta a faɗa wa wanda aka kama dalilin kamun, a faɗa masa yana da damar yin shiru har sai ya ga lauya, a kuma sanar da danginsa. Kundin tsarin mulki a sashe na 35 ya ce a kai shi kotu cikin yini guda idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu cikin kwana biyu, ban da laifin da hukuncinsa kisa ne. A cikin garin Abuja da unguwannin da ke kewaye da shi kotu ba ta nisa da kowa.

Sai maganar sitatimen, wadda ita ta kai ɗan ƙanwata Kuje. Sashe na 15 da na 17 na ACJA sun yi tanadin a ɗauki bayanin amsa laifi a bidiyo, a kuma ɗauki bayanin wanda ake zargi a gaban lauyansa, in ba shi da lauya a gaban jami'in Hukumar Ba da Agajin Lauyoyi, ko wakilin ƙungiyar farar hula, ko wani da shi ya zaɓa. Idan ba ya jin Turanci, dole a samo tafinta ya rubuta, ya karanta masa, shi ma tafintan ya sa hannu. An daɗe ana gardama a kotuna kan ko wannan wajibi ne ko zaɓi, har Kotun Ƙoli, a hukunce-hukuncen da ta yanke a 2023 da 2024, ta tsaya kan cewa wajibi ne. Dokar Shaida ta 2011 ta ce ba a karɓar amsa laifin da aka samo ta hanyar gallazawa, Dokar Hana Azabtarwa ta 2017 kuma ta mayar da azabtarwar kanta laifi. Amma kafin kotu ta yi watsi da irin wannan takarda, sau da yawa sai an yi ƙaramar shari'a a cikin babbar, a kira ɗan sanda mai bincike, a kira wanda ake tuhuma, watanni na tafiya mutum yana tsare. Rigakafi ya fi magani. Kalma huɗu ce ke hana duk wannan: "Sai lauyana ya zo."

Akwai wani tarko na biyu a ranar gurfanarwa. Za a karanta takardar ƙarar 'yan sanda, wadda ake kira FIR, a tambayi mutum ko ya amsa. Kafin a shiga, akan samu mai raɗa masa cewa ya amsa kawai, tara za a ci shi ya tafi gida. Wani lokaci tarar ce, wani lokaci ɗauri ne, kuma ko wanne ne sunansa ya shiga cikin waɗanda kotu ta samu da laifi, abin da zai iya tare masa aiki ko biza ko takara shekaru masu zuwa. Doka ta yarda da sasantawa da masu gabatar da ƙara a sashe na 270 na ACJA, ta yarda da biyan diyya da aikin al'umma a madadin ɗauri. Waɗannan hanyoyi ne masu kyau ga wanda ya san ya aikata, amma lauya ne ya kamata ya zauna ya tsara su a rubuce.

Kowa ya ga abin da ya faru ranar 1 ga Nuwamba 2024, lokacin da aka gurfanar da mutum 76 a Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja, da yawansu yara ne da aka kamo daga Arewa a zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agusta, ana tuhumarsu har da cin amanar ƙasa. Kusan wata uku suka yi a tsare. Huɗu suka yanke jiki suka faɗi a cikin kotu. Aka sa belin kowannensu naira miliyan 10. Sai da hotunan suka zaga duniya, lauyoyi da ƙungiyoyi suka yi ca, sannan Shugaba Tinubu ya ba da umarnin sakinsu, Antoni Janar Lateef Fagbemi ya janye ƙarar ranar 5 ga wata. Na kawo wannan ne saboda ita ACJA ta ƙayyade umarnin tsare mutum kafin shari'a: kwana 14, ana iya sabuntawa, amma jimillar ba ta kai wata biyu ba, daga nan ko a gurfanar ko a saki. Sashe na 34 ya ce majistare ya riƙa ziyartar caji ofis duk wata ya duba waɗanda ke tsare. Doka ba ta motsa kanta. Sai wani ya rubuta takarda ya shigar. Waɗancan yaran sun samu kyamara. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen gyaran hali a ƙasar nan jiran shari'a suke yi, kuma a Kuje da Suleja da Keffi akwai da yawa da babu wanda ya san suna can.

To yaya ake samun lauyan? A Amurka kowace jiha ke ba lauyoyinta lasisi, amma a Nijeriya wanda ya gama Makarantar Horon Lauyoyi, mai hedikwata a Bwari, aka rubuta sunansa a rajistar Kotun Ƙoli, yana iya tsayawa a kowace kotu daga Sakkwato zuwa Kalaba. Saboda haka lauyan gidanku na Kano zai iya zuwa Abuja. Sai dai duk ranar zama kai za ka biya kuɗin hanya da masauki, kuma wanda ke shiga kotunan Abuja kullum ya fi shi sanin rajistara, da yadda ake cika sharuɗɗan beli, da wane alƙali ke zama da wuri. Ni dai shawarata a nemi na kusa, wanda shari'ar laifi ce aikinsa. Lauyan da ya ƙware a takardun filaye ko rajistar kamfani yana iya zama gwani a fagensa ya kasa yi wa ɗan sanda mai bincike tambayar ƙure. Lambar SAN, wadda aka fara bayarwa a 1975, girma ce ta gaske, amma ƙarar satar waya a kotun majistare ba ta buƙatarta. Matashin lauya mai ƙwazo da zai zo caji ofis da daddare ya fi maka babban suna da zai turo ƙaramin yaronsa.

Akwai lauyoyin bogi, kuma gano su ba wuya. Kowane lauya na gaskiya yana da lambar rajista ta Kotun Ƙoli da shekarar da aka rantsar da shi, yana kuma da hatimin Ƙungiyar Lauyoyi ta Nijeriya mai ɗauke da sunansa da lambarsa, wanda ake sabuntawa duk shekara, ake manna shi a kan takardun da ya shigar kotu. Ka nemi ganinsa. Ƙungiyar na da rassa a cikin gari da Bwari da Gwagwalada, ana iya zuwa a tambaya. Ka je ofishinsa da ƙafarka. Ka yi hattara da wanda ya tare ka a bakin kotu, ko wanda ɗan sandan da ke binciken ƙararka ya haɗa ka da shi, domin wanda ke samun aiki ta hannun mai tuhumarka da wuya ya ƙure shi a gaban alƙali. Wanda ya yi maka rantsuwar zai ci shari'a, ko ya ce a kawo "na alƙali", ka tashi ka bar wurinsa. Ƙa'idojin aikin lauya sun hana shi karɓar belin wanda yake karewa, sun kuma hana ya ɗaura kuɗin aikinsa a kan cin shari'ar laifi. Lauyan da ya ci amanar wanda yake wakilta ana kai ƙararsa Kwamitin Ladabtar da Lauyoyi, wanda ke da ikon soke sunansa daga rajista.

Maganar kuɗi a yi ta a fili tun farko, a rubuce: nawa ne na beli, nawa ne na shari'ar gaba ɗaya, ko akwai kuɗin kowane zama, ko ɗaukaka ƙara na ciki. A karɓi rasit. Kai kuma ka faɗa masa gaskiya duka, har wadda kake jin kunyarta, domin sirrinka amana ce da doka ta hana shi fitarwa, kuma lauyan da ya fara jin mummunan labari daga bakin mai gabatar da ƙara an riga an karya masa gwiwa. Idan yaron ba ya jin Turanci sosai, a nemi lauya mai jin Hausa, a kuma dage kotu ta ba da tafinta, wanda kundin tsarin mulki ya ce kyauta ne.

Beli a caji ofis kyauta ne, kuma sashe na 167 na ACJA ya faɗi ƙarara cewa mace na iya tsayawa wa mutum. A kotu, abin da ya fi riƙe mutanenmu shi ne sharaɗin a kawo ma'aikacin gwamnati mai babban mataki ko mai takardar fili a Abuja. Ina mai gadi ko ɗan acaɓa zai samo darakta? Dokar ta ce kada sharuɗɗan su wuce kima, kuma a 2019 Kotun Ɗaukaka Ƙara, a shari'ar Sambo Dasuki, ta soke sharaɗin kawo manyan ma'aikatan gwamnati. Lauya na iya neman a sassauta, in an ƙi ya haura babbar kotu. Wannan ya fi a je a yi hayar masu karɓar beli da ke yawo a harabar kotu da takardun da ba a san asalinsu ba, wanda shi kansa wani sabon laifi ne.

Wanda ba shi da ko sisi ma doka ba ta yar da shi ba. Hukumar Ba da Agajin Lauyoyi, wadda aka kafa a 1976 aka sabunta dokarta a 2011, hedikwatarta a Abuja take, kuma an kafa ta ne domin wanda abin da yake samu bai wuce mafi ƙarancin albashi ba, wanda tun Yuli 2024 naira 70,000 ne. A laifin da hukuncinsa kisa ne, idan mutum ba shi da lauya kotu ce ke naɗa masa. Ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA na taimakon mata da yara, Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam da ke Maitama na karɓar ƙorafin tsarewa ba bisa ƙa'ida ba da azabtarwa, Jami'ar Abuja kuma na da cibiyar da ɗaliban shari'a ke taimaka wa marasa hali. Gaskiya lauyoyin agajin sun yi kaɗan ƙwarai ga yawan masu buƙata, kuma gwamnatin da ke kashe kuɗi wajen kamawa da gurfanarwa ba ta da uzurin barin ɓangaren kariya a haka. Sai dangi sun riƙa bibiya, suna riƙe da lambar ƙara, da sunan kotu, da ranar zama ta gaba.

Kirana ga shugabanninmu ne a wannan birni: sarakunan Hausawa na unguwanni, da ƙungiyoyin masu gadi, da 'yan acaɓa da masu Keke, da 'yan gwangwan, da 'yan kasuwar Dei-Dei da masu canji na Zone 4. Kuna tara kuɗin mako don biki da rasuwa. Ku ware wani abu ku ɗauki lauya guda tsayayye, mai jin Hausa, ku raba lambarsa ga kowane ɗan ƙungiya. Kai kuma mai karatu, idan kana da ɗa ko ƙane da ya zo ci-rani Abuja, ka kira shi yau ka faɗa masa kada ya dangwala hannu a takardar da ba a karanta masa da harshensa a gaban lauya ba.